Ciwon Idon da Ban Yi Ba

'Yar'uwarku Rahila ce ta sa na ɗauki biro a wannan karon. An gaya mini ta tsaya gaban jama'a a majami'arsu ta ba da shaida cewa mahaifiyarta ta taɓa kusan makancewa, aka yi addu'a, Ubangiji ya buɗe mata ido rana ɗaya, har mata suka yi guɗa. Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Rahila ba ta yi ƙarya ba, abin da ta tashi ta ji ana faɗa a gida shi ta faɗa. Ni na yi ƙaryar, ta girma tare da ku, yanzu har ta kai ga shiga majami'a. Don haka ku huɗun ku ji yadda abin ya kasance. Wanda ya yi dariya na yafe masa tun yanzu, don babanku ma ya yi, sai dai shi ya ɗauki shekara biyu kafin ya yi ta.

Kakanku Malam Dauda daga ƙasar Katsina ya zo nan ƙasar gabas yana saurayi, yana yi wa Turawan mishan girki. Da suka tafi bai koma ba. Ya bi inda ake jin harshensa har ya sauka ƙauyenmu, kudu kaɗan da Mai Wurno, aka ba shi fili kusa da kogi. Gidanmu kaɗai ne na Kirista a garin. Da Sallah a aiko mana nama, da Kirsimeti mu aika da cincin, haka muka zauna. Ran Lahadi mukan shiga hafla, motar haya, zuwa birnin Sinnar mu yi sujada da Larabci tare da mutanen kudancin ƙasar nan, amma Baba yakan ce Larabci a bakin kunnensa yake tsayawa, Hausa ce ke shiga ciki. Yana da Littafin Maganar Allah na Hausa da ya zo da shi a akwatin ƙarfe, ya yi masa bangon fata da hannunsa. A firamare Larabci aka koya mana, shi kuwa ya koya mini boko a gida daga cikin Littafin nan. Babanku Ishaya, ɗan wani abokin Baba ne daga Damazin, ya iya karatun Larabci, ya iya karanta cikin babur, wato injin ban ruwa, kamar shi ya ƙera shi, amma boko ko harafi ɗaya. Don haka da yanar ido ta rufe Baba, ni kaɗai ce a ƙauyen zan iya karanta masa.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana Hannatu ba. Wata safiya bayan shayi ya lalubo Littafin ya ɗora mini a cinya.

"Uwata, ina so in ji shi daga bango zuwa bango sau ɗaya kafin in tafi. Babi ɗaya kowace safiya. Kada ki tsallake mini komai, zan gane."

Muka fara. Shi yana kishingiɗe a kan angarib ɗinsa, gadon igiyar nan da kuka sani, ni ina kan tabarma a ƙarƙashin rumfa. In na gama babin mu yi addu'a, sannan in tashi in hura wutar toya kisra, wainar dawar nan da muke ci. A watannin farko abin ya yi mini daɗi fiye da yadda zan iya rubutawa. Ina fara karatu wani ɗumi zai taso mini a ƙirji, hawaye su zo da kansu, in wuni ina waƙa a kan tukunya. To kun san halina. Ni ce mai komawa in duba ƙyauren awaki sau uku, ni ce in na yi addu'a tunanin miya ya gifta sai in koma farko. Sai na mayar da ɗumin nan ma'auni. In ya zo, na ce Ubangiji ya karɓa. In ya yi jinkiri, sai in sa hannu a ƙirji ina lalube kamar mai duba zazzaɓin yaro.

Mun kusa shekara muna yi, bayan an gama yankan dawa, ɗumin ya ɗauke. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ɓata mini rai, damina ma ta yi kyau. Kawai na buɗe Littafin wata safiya na ji kamar takardar magani nake karantawa. Washegari haka, mako ya zagayo haka. Na yi azumi, ba abin da na samu sai ciwon kai. Na binciki zunubaina har na tuno wani ƙwai da na ɗauka a akurkin maƙwabta ina 'yar shekara bakwai, na tuba a kansa sau biyu. Shiru. Baba yana ta cewa amin da ƙarfinsa, ni kuwa bakina na faɗin manyan kalmomi, zuciyata tana can tana lissafin ko albasa za ta kai Juma'a. Daga nan na yanke wa kaina hukunci: wanda ke karanta Maganar Allah da busasshiyar zuciya munafuki ne, kuma gara in yi shiru da in riƙa yi wa Allah ƙarya kowace safiya. Sai ya dawo mini da abin da ya ɗauke sannan in ci gaba. Amma yaya zan gaya wa tsoho makaho cewa 'yarsa ta daina jin komai? Na ji tsoron kada maganar ta karya shi. Ranar da ya miƙo mini Littafin, sai na ji bakina ya ce:

"Baba, idona na ciwo. Rubutun yana rawa."

Ya karɓi Littafin ya sa a ƙarƙashin matashinsa.

"To. Allah ya sauwaƙe. Ma jira."

Ku dubi hankalina. Don kada in yi wa Allah ƙarya, na yi wa ubana. Kuma na ɗauka maganar a ƙarƙashin rumfa za ta tsaya. Kafin azahar ta isa bakin kogi. Maƙwabciyarmu Hajja Kulu, wadda ta karɓi haihuwarku duka, ta shigo da jabana, butar gahawa, a hannu ɗaya, ƙullin magani a ɗayan, tana faɗa tun daga ƙofa.

"Ke ɗiyar Malam Dauda, mi as samu idon ga? Taho nan in gani. Buɗe. Wallai ya yi ja!"

"Hajja, ai da sauƙi."

"Rufa mini baki, ni ad da magani."

Idon bai yi ja ba sai da ta gama da shi. Ta wanke shi da ruwan bagaruwa, ta cika shi da kwalli, washegari ta kawo wata mai jego ta tatsa mini nono a ciki. Wata ta ce zuma, wata ta ce ruwan shayin da ya huce. Matan majami'a suka ji, suka sa ni a tsakiya ran Lahadi suka ɗora mini hannu, wata har da kuka. A mako na uku Hajja ta zo da wata 'yar kwalba da take ɓoyewa tun dawowarta daga Makka, ta ce zamzam ne, ko jikokinta ba ta ba, amma ni za ta ɗiga mini.

"Kada ki ce mini addininku. Ruwa na, ba ya tambaya."

Na kwanta ta ɗiga, ina kallon fuskarta tsaf da idon da aka ce ba ya gani, har gashin da ya yi fari a girarta ina iya ƙirgawa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Matar nan ta ba ni abin da ta fi so saboda ƙaryata.

Abin da ya fi damuna kuwa Baba ne. Bai sake tambayata ba ko sau ɗaya. Da safe zai sha shayinsa, ya ciro Littafin ya riƙe a ƙirji, ya yi addu'arsa a hankali, ya mayar. In ya yi tari sai in bar abin da nake yi in saurara. Idan ya tafi fa, ko rabin Littafin ba mu kai ba? Sai in ce gobe zan karanta. Gobe ta yi, in sa hannu a ƙirji, in ji ba komai, in ce ai munafunci ne. Kwana arba'in da bakwai na yi tsakanin tsoron nan biyu. Na ƙirga, kun san ni.

Babanku ne ya kawo ƙarshen abin ba tare da ya sani ba. Wata Talata ya bar aikin wani babur a buɗe, ya ce in yafa mayafi, Sinnar za mu wurin likitan ido. Na ce ya yi sauƙi, ya ce wata ɗaya da rabi yana jin ya yi sauƙi. A cikin hafla na tsara yadda zan yi: zan faɗi layin sama daidai, in ɓata na tsakiya, na ƙasa in ce ba na gani. Likitan wani dogo ne mai fara'a. Ya zaunar da ni, ya rufe mini ido ɗaya, ya nuna wani allo mai alamu kamar tsinken cokali mai yatsu uku, ya ce in nuna da hannu inda yatsun suka fuskanta. Nan dabarata ta rushe. Baki na shirya wa ƙarya, hannu ban gaya masa komai ba. Ya nuna, na nuna. Ya sauka ƙasa, na bi shi. Sai da muka kai layin ƙarshe, wanda alamunsa ba su fi ƙwayar riɗi ba, sannan na tuna ba na gani. Ya sauya ido, ni kuma kunya ta hana ni sauya hali. Ya haska mini fitila, ya ɗaga fatar idon, ya juya wurin babanku yana dariya, ya ce da Larabci:

"Ya zol, bawan Allah, matar nan tana ganin abin da ni ba na gani. Ku dai daina zuba mata abubuwa a ido. Kai kuma tun shigowarka kake ƙanƙance ido kana duban allon. Zo ka zauna."

Haka aka yi. Ni aka kai asibiti, babanku ya fito da tabarau. Wanda kuka san shi da shi mai baƙin kara, asalinsa ke nan.

A hanyar dawowa muka wuce madatsar ruwa. Yana zaune da sabon tabarau a hanci, yana kallon gonaki ta taga. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Hannatu, wani ya yi miki wani abu ne a gidan?"

"A'a."

"Ni ne?"

"Ba kai ba ne."

"Kwana nawa ina tunanin yadda zan yi da makafi biyu a gida ɗaya."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da muka sauka mutane suka taso da tambaya, sai ya ce, "An duba, idonta lafiya lau." Bai ƙara ko kalma ba, bai kuma yi ƙarya ba. Hajja Kulu ta rangaɗa guɗa ta ce zamzam ne. Ran Lahadi matan majami'a suka ce addu'a ce. Har Hajja ta rasu suna gardama a kan wanda ya warkar da ni, ni kuwa na kasa buɗe baki in kunyata kowa. Amma mijina ya daɗe yana dubana sau biyu in na faɗi magana, kuma wannan ni na jawo wa kaina.

Da la'asar ɗin ranar na sami Baba shi kaɗai a rumfa. Na durƙusa a gefen angarib, na ce masa idona bai taɓa ciwo ba. Ina jiran ya yi salati irin namu, ko ya juya mini baya. Sai ya ce:

"Na sani."

"Ka sani, Baba?"

"Kowace yamma ina jin ki kina tsince tsakuwa a cikin riɗi. Tunda kika fara ciwon idon nan haƙorina bai gamu da tsakuwa ko ɗaya ba. Shekaranjiya kuma wa ya zura wa Hajja zare a allura? Makaho ne ni, Uwata, ba kurma ba."

"To me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Ina so in ga iyakar abin da Kulu za ta zuba miki."

Ya yi dariya har da tari. Ni kuwa kuka ya zo mini, na gaya masa duka: ɗumin da ya ɗauke, azumin, har ƙwan maƙwabta. Na ce ina tsoron Ubangiji ya bar ni, kuma ba zan iya riƙe Maganarsa in karanta kamar ina ji alhali ba na ji ba. Ya lalubo kaina ya dafa.

"Wa ya gaya miki zafin ƙirji shi ne bangaskiya? Wani lokacin Ruhun Allah ne, wani lokacin barkonon miyarki ne, ni ban taɓa iya rabewa ba. Da uwarki ta rasu, shekara uku na yi ina durƙusawa kamar mai magana a cikin tulu. Ba na jin komai sai muryata. Kina ƙarama, kina barci a bayana."

"Ka daina?"

"In daina in je ina? Kullum nakan ce masa, ga ni na zo, ba na jin ka, amma na zo. Munafuki shi ne mai cewa yana ji alhali ba ya ji. Ke gaya masa gaskiya, sannan ki buɗe ki karanta. Almasihu ne ya ce zai riƙe ki. Ke kuma kin tsaya kina taɓa ƙirji ki ji ko hannunsa na nan."

Ya ciro Littafin daga ƙarƙashin matashi ya miƙo mini. Na ce sai da safe, ya ce kwana arba'in da bakwai yake bina, shi ma ya ƙirga, daga yau safe da la'asar za mu yi sai mun cike. Na buɗe inda muka tsaya da ɗan fatan ko Ubangiji ya tanadar mini wata magana mai narka zuciya don dawowata. Abin da na tarar shi ne wurin nan da ake jera zuriya, wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, shafi bayan shafi, sunaye masu karya harshe. Na ce ko mu tsallake wannan. Ya ce:

"Mutane ne, Uwata. Uwayensu sun sha wuya kafin su haife su. Karanta."

Kwana biyar muka yi cikin sunayen nan. Kafin kowane babi nakan ce a fili, "Ubangiji, yau ma ba na jin komai, amma ga ni." Baba ya ce amin. In na yi tuntuɓe a wani suna ya gyara mini daga ka, wani lokacin kuma in ɗago in ga ya yi barci, baki a buɗe, in na yi shiru sai ya ce, "Ban ce ki tsaya ba." Hajja Kulu ta leƙo wata rana ta saurara, ta ce wannan karatu ne ko rabon gado. Da ta ji abin da nake faɗa kafin in fara, ta same ni a madafa ta ce:

"Ke kina zaton kullum da murna nika tashi asuba? Wata rana ƙafa ɗai ka zuwa, zuciya sai hantsi ta iske ta."

Ba zan ce muku ɗumin ya dawo rana kaza ba, don ban lura da ranar ba. Wata safiya dai na ji kaina ina waƙa a kan kaskon kisra. Ya yi wata biyu ya sake tafiya, ya sake dawowa, haka yake yi mini har yau. In ya zo na gode, in bai zo ba na faɗa wa Ubangiji bai zo ba, in buɗe inda na tsaya. Tsorona bai ƙare ba, har yanzu ina duba ƙyauren awaki sau uku. Karatun ne kawai na cire daga hannun tsoron.

Mun kai bangon ƙarshe bayan shekara uku. Na rufe Littafin ba da son raina ba, don a raina na ɗauka Baba jira yake mu gama ya tafi. Har na yi ta jan babin ƙarshe a hankali kamar mai tafiya a kan taɓo. Ya ce amin, ya yi hamma, ya ce:

"Madalla. Gobe ki koma farko."

"Baba, ai cewa ka yi sau ɗaya kafin ka tafi."

"Na ce kafin in tafi. Na gaya miki rana?"

A zagaye na biyu muna tsakiyar littafin waƙoƙin yabo ya rasu, da hantsi, bayan ya sha shayinsa ya ji babinsa. 'Ya'yan Hajja Kulu ne suka haƙa kabarin tare da mazan majami'a. Washegari da safe na fito rumfa da Littafin don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Angarib ɗin yana nan ba kowa a kai. Na zauna a tabarmata na faɗa wa Ubangiji gaskiya, cewa yau kam ba na jin komai sai gajiya, sannan na buɗe na fara karantawa a zuci. A wannan lokacin babanku kullum ya riga ya kai bakin kogi. Sai na ji ƙarar jakar kayan aikinsa ya ajiye ta a ƙasa. Ya zo ya zauna a bakin angarib, igiyoyin suka yi ƙara.

"A ina kuka tsaya?"

Na nuna masa da yatsa, ko da yake ba ya iya karanta shi.

"To ɗaga murya. Rabin Hausar nan ta tsofaffi ce, ban san ta ba, in na tambaya kada ki gaji."

Na koma farkon babin, na ɗaga murya.